Hajar da ke tsufa cikin mako shida: kasuwar kayan yaƙin lantarki

A watan Maris na 2024, wani masani daga cibiyar nazari ta Hudson mai suna Daniel Patt ya ba da bahasi gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka, ya kawo lissafin da ya kamata duk mai sayen makami ya riƙe a ka. Harsashin igwa mai suna Excalibur, wanda GPS, tsarin gano wuri ta tauraron ɗan'adam, ke yi wa jagora har ya sauka inda aka nufa, lokacin da aka fara harba shi a Yukren yana samun abin hari sau 70 cikin 100. Bayan mako shida sai ya koma sau 6 cikin 100. Ba a taɓa harsashin ba, masu harbin ma ba su manta aikinsu ba. Sojojin Rasha ne suka cika zangon rediyon da yake saurare da hayaniya. Ga shi kuwa ƙwaya ɗaya tana cin dala dubu 100 ko fiye.

Wannan shi ne yaƙin lantarki: kokawa a kan igiyoyin rediyo da na radar da siginar tauraron ɗan'adam. Ido ba ya ganinsu, amma kusan duk makamin zamani da su yake gani, da su yake ji, da su yake karɓar umarni. Masu sana'ar suna farawa da kasa kunne, su ji wa ke magana, a wane zango, daga wace kusurwa. In sun ji, ko dai su toshe, ko su yaudara, ko su miƙa wa 'yan igwa wurin da maganar ta fito. A lokaci guda kuma suna kare nasu kayan kada a yi musu abin da suke yi wa wasu. GPS ya fi komai saurin cutuwa saboda nisa. Taurarinsa suna shawagi kimanin kilomita dubu 20 daga ƙasa, kafin siginar ta iso ta raunana matuƙa. Kamar mai son jin raɗa ne daga ƙarshen fili, wani ya zo ya tsaya gefen kunnensa yana ihu. Mai toshiya ke nan. Mai yaudara ya fi shi haɗari, don shi muryar mai raɗar yake kwaikwayo, ya gaya wa jirgi yana wani gari alhali yana wani.

Sana'ar ba ta yau ba ce. A Afrilun 1904, jiragen ruwan Japan na luguden wuta a kan tashar ruwan Rasha ta Port Arthur, masu aikin rediyon Rasha suka danne saƙonnin da ake gyara saitin harbi da su. A Yulin 1943 jiragen Birtaniya suka zazzago tarin siraran fallayen alminiyam a sararin Hamburg, radar Jamus ta cika da abin da ba jirgi ba. Birtaniya da Jamus duk sun san wannan dabara tun kafin daren, kowa ya ɓoye ta don gudun in ya fara ɗayan ya kwaikwaya. Tun lokacin masu sana'ar suka san dabara a wannan fage tana fara mutuwa ne ranar da aka fito da ita. A Yunin 1982 kuma Isra'ila ta lalata mafi yawan rukunonin makamai masu linzami 19 na Siriya a kwarin Bekaa na Labanan cikin yini guda, bayan ta daɗe tana sauraron radar ɗinsu tana rubutawa.

To nawa ne girman kasuwar? Kamfanonin da ke sayar da rahoton kasuwa suna ba da adadi daga dala biliyan 10 da 'yan kai zuwa sama da biliyan 20 a shekara, kuma da wuya biyu su haɗu a kan lamba ɗaya. Ba na ba kowa shawarar ya jingina da waɗannan alƙaluma. Kaso mai tsoka na kuɗin yana cikin kasafin sirri. Wani kason a narke yake cikin farashin jirgin yaƙi, kamar na'urar AN/ASQ-239 da BAE Systems ke yi wa kowane F-35, wadda ba a sayenta daban. Sin da Rasha kuwa ba sa buga nasu. Abin da ya tabbata shi ne kasafin da ake yankar kuɗin daga ciki yana hauhawa: cibiyar SIPRI ta birnin Stockholm ta ƙiyasta abin da duniya ta kashe a kan soja a 2024 da dala biliyan 2,718, ƙarin kashi 9.4 cikin 100 a shekara guda. Ko an ɗauki adadi mafi girma, yaƙin lantarki bai wuce kashi 1 cikin 100 na wannan ba. Sai dai wannan kashi ɗayan shi ke yanke hukunci ko sauran makaman da aka zuba wa kuɗi za su ga gabansu.

Wanda ya duba da kyau zai ga kasuwa biyu ce ke tafiya da suna ɗaya, kuma ba sa gudu iri ɗaya.

Ta farko ita ce ta manyan kamfanoni, kuma Amurka ce uwa a cikinta. RTX da Northrop Grumman da L3Harris da Lockheed Martin da reshen BAE na Amurka su ke riƙe da mafi yawan manyan kwangiloli. Sun zama kaɗan ne saboda haɗiyar juna: L3 da Harris sun haɗe a 2019, Raytheon da United Technologies (su ne RTX a yau) a 2020, a shekarar kuma BAE ta sayi sashen GPS na soja daga Collins a kan kusan dala biliyan 1.9. Hajarsu ita ce irin jirgin EA-18G Growler na Boeing, wanda aikinsa raka jiragen yaƙi yana makantar da radar abokin gaba, kuma bayan Amurka Ostareliya kaɗai ke da shi. Sai EA-37B, jirgin attajirai ƙirar Gulfstream G550 da aka cika da kayan toshe sadarwa, wanda sojan saman Amurka ya tsara sayen guda 10. A nan komai da nawa yake tafiya. Na'urar toshiya ta ALQ-99 da Growler ke ratayawa a fukafukinsa tun farkon shekarun 1970 aka fara aiki da ita. Kwangilar magajiyarta an ba Raytheon a 2013, ba a ce ta shirya shiga aiki ba sai a ƙarshen 2024. Shekara 11 ke nan, a fagen da harsashi ya tsufa cikin mako shida.

Turai tana da nata gwanaye, ko da yake a warwatse suke. Thales da MBDA ke yin SPECTRA, garkuwar lantarki ta jirgin yaƙin Rafale. Garkuwar Eurofighter aikin haɗin gwiwa ne na Leonardo da ELT da Indra da Hensoldt. A ƙarshen 2023 Jamus ta amince da mayar da Eurofighter 15 jiragen yaƙin lantarki da na'urar Arexis ta kamfanin Saab, don maye gurbin tsofaffin Tornado. Isra'ila, ta hannun Elbit da Elta da Rafael, tana sayar da kayan da aka gwada a fagen fama, abin da mai saye ke daraja fiye da kowace takardar talla. Turkiyya ta shigo da Aselsan da na'urarta KORAL, tana jan ƙasashen da Amurka ba za ta sayar wa ba ko kuma farashinta ya fi ƙarfinsu. Rasha ta zuba kuɗi a wannan fanni bayan yaƙin Jojiya na 2008 ya tona mata rauninta, ta fito da na'urorin toshiya irin su Krasukha da Zhitel da Leer-3, amma yaƙin Yukren da takunkumi sun cinye abin da za ta fitar waje. Sin tana da kamfanin gwamnati CETC, kuma a bajekolin Zhuhai na 2021 ta nuna J-16D, amsarta ga Growler.

Kasuwa ta biyu a ramukan Yukren aka haife ta, kuma ita ce ta fi ba ni abin tunani. A Mayun 2023 cibiyar nazarin tsaro ta RUSI da ke Landan ta ruwaito cewa Yukren na asarar jirage marasa matuƙa kimanin dubu 10 a wata, kuma Rasha na da babbar na'urar yaƙin lantarki aƙalla ɗaya a kowane kilomita 10 na bakin daga. Daga baya abin ya sauko hannun ƙaramin soja. Yanzu motar da za ta kusanci bakin daga sai ka ga rufinta da jerin eriyoyi, kowace na toshe zango guda, a jikin baturi da fanka mai sanyaya su. Akwai ta goyo a baya, akwai 'yar ƙaramar da ke ƙara a aljihu in ta ji jirgi na zuwa. Kamfanoni irin su Kvertus da ɗimbin ƙananan masana'antu ke haɗa su da sassan da ake saye a kasuwar farar hula, kuɗinsu 'yan dubban daloli. Da farko ƙananan jiragen kai hari marasa matuƙa ana sarrafa su ne a zangon wajajen megahaz 900, hoto kuma yana dawowa a gigahaz 5.8. Da aka toshe nan sai masu jirage suka sauka ƙasa ko suka hau sama, masu toshiya suka ƙara eriya, aka sake matsawa. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, a nan kuwa kiɗan duk 'yan makonni yake canzawa.

Misalin da ya fi nuna wannan tsere shi ne eriyar Kometa da Rasha ke ɗora wa jiragen Shahed marasa matuƙa da bama-bamanta masu fukafuki. Eriya ce mai kunnuwa da yawa, tana gane kusurwar da hayaniya ke fitowa ta toshe kunnenta ta wannan ɓangare, ta ci gaba da sauraron tauraro. A ƙa'ida mai kunne huɗu tana iya jure masu toshiya uku. Da Yukren ta yawaita na'urorin toshiya sai aka fara tsintar mai kunne 8 a tarkace, daga baya mai 12. Kowane ƙarin kunne yana tilasta wa ɗaya ɓangaren ƙarin na'urori, kowace ƙarin na'ura oda ce ga wani kamfani.

Sai kuma a 2024 aka zo da abin da ya tsallake tseren gaba ɗaya: jirgi maras matuƙi da ke jan siririn zaren gilashi a bayansa, yana warware shi daga ƙwarƙwaro mai tsawon kilomita 10 zuwa 20. Umarni da hoto duk ta cikin zaren suke bi a matsayin haske. Babu igiyar rediyo, don haka babu abin toshewa, babu abin saurare. Rasha ta yi amfani da su sosai a yankin Kursk, Yukren ta bi sahu. Duk wanda ya cika rumbu da na'urorin toshiya a 2023 ya wayi gari da makamin da bai san da zamansu ba, aka koma shimfiɗa raga a kan hanyoyi da harbi da bindigar farauta. Wannan bai kashe kasuwar ba, don har yanzu mafi yawan jirage da rediyo suke tafiya, amma ya nuna iyakarta.

Daga nan ne nake ganin ainihin abin da ake saye da sayarwa. Akwatin ƙarfe da eriya su ne ɓangaren da ake ɗaukar hoto a bajekoli. Abin da ke sa akwatin aiki shi ne kundin da ke cikinsa, wanda ya ƙunshi siffar kowace radar da ake tsoro: zangonta, tsawon bugunta, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, yadda take juyawa, da irin amsar da ta dace da ita. Na'urar toshiya ta zamani tana kama bugun radar, ta adana shi, ta ɗan sauya shi, ta mayar, sai mai radar ya ga jirgi a inda babu jirgi. Amma sai ta san da wa take magana. In abokin gaba ya sauya salon radar ɗinsa, kuma kowace rundunar kirki tana da salon da take ɓoyewa sai ranar yaƙi, na'urar da ba a sabunta kundinta ba za ta yi shiru ko ta ba da amsar da ba ita ba. Shi ya sa ƙasashe ke aika jirage suna shawagi a bakin iyakokin juna shekara da shekaru suna sauraro. Shi ya sa kuma ɓangaren Krasukha-4 da sojojin Yukren suka samu kusa da Kyiv a Maris na 2022 darajarsa ta zarce ta ƙarfen da aka yi shi da shi.

Wanda ke riƙe da kundin shi ke riƙe da mai saye. Kundin F-35 a sansanin Eglin na jihar Florida ake rubuta shi, inda Amurka ta kafa runduna ta musamman ta 350 a 2021 don wannan aiki. Har ƙawayenta na kusa, Birtaniya da Ostareliya da Norwe da Italiya, ɗakunan gwajinsu a can suke, a ƙasar Amurka. Isra'ila ce ta samu damar ɗora nata kayan a kan nata samfurin. Da aka ba Yukren jiragen F-16 a 2024, wata tawagar wannan runduna ce ta sake tsara kayan lantarkinsu kafin su shiga fage. A 2025 an yi ta ce-ce-ku-ce a Turai kan ko akwai wani maɓallin sirri da Amurka za ta iya kashe F-35 da shi daga nesa, ofishin shirin ya musanta. A ganina muhawarar ta kauce wa inda gizo ke saƙa. Ba sai an kashe jirgi ba. In aka daina aiko da sabon kundi, jirgin zai tashi lafiya, ya sauka lafiya, yana ƙara makancewa wata bayan wata.

Wannan darasi ya fi shafar ƙasashe masu ƙaramin aljihu, waɗanda ke sayen na'ura sau ɗaya su yi bikin karɓa. Dokokin fitar da makamai na Amurka da yarjejeniyar Wassenaar mai ƙasashe 42 sun riga sun taƙaita abin da za a sayar musu, galibi samfurin da aka rage wa ƙarfi. In kwangilar ba ta ƙunshi horar da injiniyoyinsu da ba su ikon rubuta nasu kundin ba, to haya suka yi ba saye ba. Masu sayarwa na Turkiyya da Isra'ila da Suwidin sun gane haka, shi ya sa alƙawarin barin mai saye ya taɓa cikin manhaja ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suke jan ciniki da su.

Su ma masu sayarwar akwai wanda ke riƙe da su. Ƙarfin na'urorin toshiya da radar na yau ya dogara ne da wani sinadari da ake haɗawa daga ƙarfen galiyam, mai jure wuta da zafi fiye da silikon. Kusan kashi 98 cikin 100 na ɗanyen galiyam na duniya daga Sin yake fitowa. A Agustan 2023 Beijing ta sa sharaɗin neman izini kafin a fitar da shi, a Disambar 2024 ta sanar da hana kai shi Amurka. Ta ɗaya gefen kuma, binciken RUSI na 2022 ya samu sassan lantarki na ƙasashen waje sama da 450 a cikin makaman Rasha 27 da aka buɗe, mafi yawansu na kamfanonin Amurka. Kowane ɓangare yana yaƙi da kayan da ke biyowa ta hannun ɗayan.

Sabbin shiga irin su Anduril ta Amurka da Helsing ta Jamus suna tallan maganin matsalar kundi: ƙirƙirarriyar basira da za ta ji siginar da ba ta taɓa ji ba, ta gane ta, ta ƙirƙiro amsa nan take. Hanyar daidai ce, kuma can kuɗin ke gangarawa. Sai dai na'urar da ke yanke shawara da kanta tana da wuyar gwadawa, ana iya koya mata ƙarya da gangan, kuma toshiyar da ba ta bambance naka da na abokin gaba ta sha kayar da jiragen masu ita a Yukren. Abin da ke ƙara tura ciniki shi ne lissafin kuɗi. A Bahar Maliya jiragen ruwan Amurka sun yi ta harba makamai masu linzami na kusan dala miliyan 2 a kan jirage marasa matuƙa na 'yan Husi na Yaman da ba su kai ɗan kason hakan ba. Toshiya kuwa wutar lantarki kawai take ci, ba ta ƙarewa kamar albarusai.

Akwai wani kuɗi da ba ya shiga rahoton kasuwa ko ɗaya, kuma shi ya fi damuna, don waɗanda ba su sayi komai ba ke biyansa. Igiyar rediyo ba ta san iyakar ƙasa ba, ba ta san jirgin fasinja ba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa birnin Tartu na Estoniya saboda dagula GPS ya hana jiragensa sauka lafiya. A sararin tekun Baltik da Bahar Aswad da Gabas ta Tsakiya matuƙa sun saba da agogon jirgi ya rikice, ko na'urar gargaɗin karo da ƙasa ta yi ihu alhali suna can sama. Haɗarin shi ne matuƙin da ya saba da gargaɗin ƙarya ya yi jinkiri ranar na gaskiya. Jiragen ruwa ma suna bayyana a taswira a tsakiyar tudu. Ga kuma hasumiyoyin wayar salula da tashoshin wutar lantarki da bankuna da ke karɓar daidaitaccen lokaci daga taurarin nan. Na'urar da a da sai gwamnati ke iya mallaka yanzu ana haɗa irinta da rediyon manhaja na 'yan ɗaruruwan daloli, tana faɗawa hannun masu fasaƙwauri da ƙungiyoyin 'yan bindiga.

Doka tana nan a rubuce. Kundin tsarin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ya hana ƙasa dagula siginar wata, amma sashe na 48 na kundin ya bar wa kowace ƙasa cikakken 'yanci a kan na'urorin rediyonta na soja, kuma ƙungiyar ba ta da sandan hukunta kowa. Saboda haka nauyin ya koma kan masu jiragen fasinja da hukumomin filayen sauka, waɗanda yanzu ke sayen eriyoyi masu jure toshiya, suna kuma raya tsofaffin tashoshin jagora na ƙasa da aka fara rufewa. Finnair ta koma Tartu ne bayan filin ya samar da hanyar sauka da ba ta dogara da GPS ba.